Ƙunar Sarkin Maƙera

Tun zamanin da ake haƙo tama a tsauni ana narkawa, kafin ƙarfen fatake ya cika kasuwanni, an yi wani gari da ake kira Tsaunin Tama. A tsakiyar maƙerar garin akwai wata uwar maƙera, wato baƙin ƙarfen da ake dukan ƙarfe a kansa, wadda ƙartin garin duka ba su iya ko girgiza ta. A ƙarƙashinta ƙofar Birnin Garwashi take, inda aljanun wuta suke zaune. Kowa a garin ya san da wannan. Kowa kuma ya san cewa kakan maƙeran, wani wai shi Gwanki, ya taɓa sauka can ya ƙulla alkawari da sarauniyarsu, cewa wuta ba za ta ci jininsa ba har abada.

Saboda haka duk wanda ya ƙone a garin, gidan maƙera ake kawo shi. A yi masa tofi, a barbaɗa toka, a manna gashin zomo, a ɗaure da tsumma tam, a kuma ja masa kunne kada ruwa ya taɓa wurin, wai ruwa ne ke ta da bororo. Wanda ya warke, a ce gidan maƙera ba wasa ba. Wanda ya mutu, a ce kwanansa ne ya ƙare. Da haka sunan gidan bai taɓa faɗuwa ba.

Tasalla ce babba cikin waɗanda suka rage a gidan. Ta binne maza biyu, ta dawo ɗakin uwarta da ciwon gwiwa da bakin da ba ya ɓoye abin da ido ya gani. Ita ta yi jinyar ubansu a ciwon ajali, a nan ta ga tabon da ke damtsensa, wanda ya yi rayuwarsa yana rufewa da hannun riga. Da ta tambaye shi ya ce da shi aka haife shi. Ba ta yi masa musu ba. Amma ta sha karɓar haihuwa, ba ta taɓa ganin jaririn da ya zo duniya da shatin awartaki a jiki ba.

Ƙanenta Jatau shi ne Sarkin Maƙera. Ranar wasan wuta, wanda suke yi bayan an shigar da amfanin gona, ya fito gaban jama'a yana juya garwashi a tafin hannu da irin saurin da ubansa ya koya masa. Sai iska ta juya, hannun rigarsa ya kama. Kafin ya murƙushe wutar ta ci shi daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannun dama. Jatau ya naɗe hannun cikin babbar riga, ya yi dariya, makaɗa suka ƙara kambama shi. Da ƙafarsa ya koma gida, sai a zaure ya faɗi.

Aka yi masa abin da ake yi wa kowa: tofi, toka, gashin zomo, ɗauri. Ya sa aka rufe maƙera, aka ce ya yi tafiya. Matarsa Hansai ta riƙa cika ɗakin da turaren wuta don danne wari, har turaren ya gaza. Ranar da Tasalla ta ture ta ta kwance tsumman, ta tarar gashin zomon ya narke cikin mugunya, gefen ciwon ya yi baƙi, jikin Jatau kuwa zafi rau.

Ta ce, "Jatau, hannun nan ya fara ruɓa."

Ya ce, "Yaya, ki rage murya. Wuta ba ta cin ɗan gidan nan."

"To me ya ci ka, gara?"

Ya juya fuskarsa bango, ya ce gara a binne shi da hannunsa da a ce gari ya ji Sarkin Maƙera ya ƙone. Tasalla ta ce masa in binnewa yake so, ya kwantar da hankalinsa, tana tafe. Ta yafa mayafi, ta ɗauki sandarta da goran ruwa, ta fita. A ranta ta ce in dai akwai alkawari, to an saɓa shi, kuma dole wani ya je ya tambayi dalili.

Rana na tsaka ta shiga maƙera. Mazan gidan sun sha gwada buɗe ƙofar nan da masaba, da yanka baƙin zakara, da kirarin kakanni. Ita ba ta da ko ɗaya. Gajiya ce ta sa ta dafa uwar maƙerar don ta huta, ta ji ta da zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu, alhali an daɗe ba a hura wuta ba. Sai ta yi abin da kowace mace ke yi wa tukunya mai zafi, abin da ba maƙerin da zai yi ko da wuƙa a wuya. Ta kwara mata ruwa. Ƙarfen ya yi wata doguwar ajiyar zuciya, ya matsa gefe da kansa. Ga matakala ta yi ƙasa.

Tasalla ta dubi matakalar, ta dubi gwiwoyinta, ta ce, "Allah Ya isa tsakanina da Gwanki." Ta fara sauka.

Ta sauka, ta huta, ta sauka, har ta daina jin ƙafafunta. Ta fito wani fili na ƙaiƙayi, iyakar ganin ido, samansa lumui, ƙarƙashinsa wuta na ci a ɓoye. Ta riƙa soka sanda kafin ta taka, inda hayaƙi ya fito ta kauce. Daga nan ta iske kogin narkakken ƙarfe yana gudu ja wur, gadarsa kuwa wani ƙaton awartaki ne da ke buɗe baki yana rufewa. Ta tsaya ta karanci yadda yake yi. Da ya rufe, ta zauna daɓas ta riƙa jan jiki da mazaunai har ta haye, don ba ta ga wanda za ta yi wa yanga ba a wurin.

A ƙofar birnin ta tarar da wani aljani wanda ƙirjinsa zuga-zugi ne, in ya numfasa sai tartsatsi ya tashi daga hancinsa. Kusa da shi ga tarin huluna ya kai tsayin mutum.

Ya ce, "Ya ke 'yar Adam, daga wane gida?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, daga gidan Gwanki."

"Ashe ba ku ƙare ba. To, tambaya ɗaya ce a ƙofar nan, kuma na gaji da yin ta. Shin wuta ta taɓa cin ki?"

Kafin ta amsa idonta ya faɗa kan wata jar dara a cikin tarin, mai ƙonannen baki. Ta gane ta. Ta ubanta ce, wadda ya ce ta ɓata a kasuwa. Aljanin ya ga inda take kallo, ya gaya mata cewa mazan gidansu da yawa sun samo wasu hanyoyi sun iso nan, kowanne ya bugi ƙirji ya ce wuta ba ta san shi ba, shi kuwa ya hura shi ya koma sama, hula kawai ke saura.

Tasalla ta janye mayafi ta miƙa masa hannuwa. Ta nuna masa tabon bakin tukunya, ta nuna na man gyaɗa, ta nuna wani tsoho a idon sawu da ta samu tun tana koyon girki. Ta ce, "Ranka ya daɗe, wace mace ce za ta kai shekaruna a gindin murhu ta ce wuta ba ta san ta ba?"

Ƙofa ta buɗe ba tare da an taɓa ta ba.

Birnin Garwashi gidajensa ja, titunansa ja, a kasuwarsa ana auna tartsatsi da mudu. Tasalla ba ta tsaya kallo ba, ƙishirwa ta ishe ta. Aka kai ta gaban Magajiya Balbala, sarauniyar birnin. Ta zaci za ta ga harshen wuta ya kai sama. Sai ta ga wata tsohuwa kishingiɗe, toka ta lulluɓe ta kamar murhun da aka kwana ba a taɓa ba, idanu kawai ke ja. Tasalla ta durƙusa da ƙyar ta yi gaisuwa, ta faɗi abin da ya kawo ta, ta ce ta zo neman alkawarin da aka yi wa kakanta.

Magajiya ta ce, "Ya ke jikar Gwanki, ban taɓa yi wa kowa wannan alkawari ba. Ni wuta ce. Ban san jini ba, ban san sarauta ba, abin da aka miƙo mini shi nake ci. Kakanki ya zo nan da ƙonanniyar ƙafa yana kuka kamar ɗan akuya, ya roƙi magani. Na ce masa ci na iya, gyara ban iya ba, ya je wurin waɗanda na fi ci, su suka fi sanin ciwona."

Ta bayyana mata cewa bayan birnin akwai Kurmin Toka, inda duk tsiron da wuta ta taɓa cinyewa a duniya yake sake tsayawa da siffarsa, amma da toka. Can Gwanki ya ƙulla alkawarinsa, da itatuwa ba da ita ba.

Tasalla ta ce, "Ranki ya daɗe, tofin fa?"

"Gwanki yakan hura wa ciwo iska don ya lallashi mai kuka, kafin ya fara aikin. Jikokinsa suka riƙe hurawar suka yar da aikin, don ita ce ba ta sa gumi." Magajiya ta rufe ido. "Ki tafi. Amma in kin shiga kurmin kada ki yi tari. Tari ɗaya ya isa ya rushe shi a kanki."

Kurmin Toka ba tsuntsu, ba iska, ba inuwa mai sanyi. Ga tsamiya, ga kuka, ga marke, kowanne da ganyensa cif, duk fari fat. Tasalla ta toshe hanci da baki da mayafi, tana ɗaga ƙafa a hankali kamar mai ratsa ɗakin da jariri ke barci. Maƙogwaronta ya yi ta ƙaiƙayi, hawaye na zuba, ta haɗiye tarin, ta sake haɗiyewa. Can ta hango wasu tsirrai huɗu a ware, bagaruwa da kaɗanya da gwanda da kabar giwa, a bayan wani guntun bango da ta ga kamar ta san shi. Bangon bayan maƙerarsu ne.

Ta yi sallama a hankali. Wadda ta fara amsawa ita ce gajerar cikinsu, kabar giwa, mai kaurin ganye da yauƙi a ciki. Da ta ji labarin ta ce, "Kin makara a gare ni. Aikina a ranar farko ne, bayan an kwarara wa ƙuna ruwa mai sanyi har zafin ya fita, kuma ƙunar da ba ta yi zurfi ba. Ki tuna da ni wata rana."

Sai bagaruwa ta karɓe zancen. Ko a toka ƙayarta na nan. Ta ce wa Tasalla ta dube su da kyau, Gwanki ne ya dasa su da hannunsa a bayan maƙera, bisa alkawarin zai bar su tsaye su kuma su ba shi abin da ke jikinsu. Shekarar da aiki ya yi yawa gawayi ya yanke, kakan Tasalla na kusa ya sare ta ya sare kaɗanya ya yi gawayi da su, ya tumɓuke gwanda da kabar giwa ya faɗaɗa rumfa, ya cinna musu wuta. Wai masu alkawari da wuta me za su yi da ganye.

Ta ce, "Ya ke 'yar masu gatari, abin da ke jikinmu ba don ku muka yi shi ba. Baurin da ke cikin 'ya'yana na tara shi ne saboda tsutsa da ruɓa, don mu ba mu da ƙafar gudu. In an sare mu, da abin jikinmu muke rufe ciwonmu. Aro muka ba ku, kuka ƙone mai ba da aron."

Tasalla ta ce, "Gaskiyarki. Ba ni da abin kare su, kuma ban zo kare su ba. Ƙanena ne, ni na goya shi. Wawa ne, amma shi kaɗai ya rage mini."

Sai kaɗanya, wadda ta fi su tsufa, ta ce a gaya mata kawai, ita ta gaji da riƙon fushi.

Bagaruwa ta ce a cire gashin zomon nan da tokar duka, ko mai ciwon zai suma. A dafa 'ya'yanta, a tace da tsumma mai tsabta, a bari ya huce, a wanke ciwon. Gwanda ta karɓa da siririyar murya, ta ce a kirɓa naman 'ya'yanta a shimfiɗa a kan wankakken ƙyalle a rufe wurin, a canza kowace safiya, ita za ta cinye mataccen naman har ja mai rai ya bayyana. Ta ce, "Da kin ga ja, ki sallame ni. Ban iya tsayawa da kaina ba." Kaɗanya ta ce nata a ƙarshe ne: in fata ta haɗe, a riƙa murza manta, a miƙe masa yatsu ko yana zagi, in ba haka ba tabon zai naɗe hannun.

Ta ƙara da cewa, "Kada ki ɗauke mu a kan abin da ba mu ba. Mu ba ma warkarwa. Nama ne ke haɗa kansa, mu kore masa abokan gaba kawai muke yi. In ruɓa ta riga ta kai ƙashi, ba mu da iko, kuma duk wanda ya ce miki yana da shi a ganye, ƙarya yake."

Tasalla ta yi godiya, ta miƙa hannu za ta tsinki bagaruwa. Ta ruguje a yatsunta.

Bagaruwa ta ce, "Me za ki ɗauka a wurin matattu? 'Ya'yanmu suna sama. Nawa suna majema, na gwanda suna bayan gidan masaƙa, man kaɗe yana kan faifan kowace mai talla. Amma ga sharaɗina. Duk wanda kika roƙa, ki faɗa masa sunan mai ciwon da abin da ya same shi. In kika ɓoye, abin da aka ba ki toka zai koma."

Kaɗanya ta ce nata sharaɗin shi ne a mayar da su bayan maƙera. Ta ce, "Ni kuwa ina daɗewa kafin in yi 'ya'ya. Ba za ki ci ba."

Tasalla ta ce, "Na saba dafa abin da ba ni zan ci ba."

"To yi tarinki, 'yar nan. Kin riƙe shi ya isa."

Tasalla ta saki tarin. Kurmin ya taso gaba ɗaya ya rufe ta. Da ta buɗe ido ta gan ta zaune a gindin uwar maƙera, fari fat da toka, inuwar rumfa ko taki ɗaya ba ta matsa ba.

Ta shiga wurin Jatau ta gaya masa komai. Yana rawar ɗari, amma ya sami ƙarfin cewa in ta kai sunansa majema, ba shi ba ita. Tasalla ba ta son yarda da abin da ba ta gwada ba, ko daga bakin itace ya fito, kuma ta so ta rufa masa asiri in da hali. Ta je majema, ta sami tsoho Mantau yana kankare fata, ta ce ya sammata bagaruwa za ta yi maganin dasashi. Ya cika mata ƙwarya. Ko ƙofa ba ta kai ba ta ji ƙwaryar ta yi sakayau. Toka ce zalla.

Ta daɗe tsaye a rana. Sannan ta juya ta koma, ta ce, "Baba Mantau, ƙarya na yi maka. Jatau ne, Sarkin Maƙera. Wuta ta ci hannunsa ranar wasa, yanzu yana ruɓa."

Mantau bai ko ɗaga kai daga fatar ba. Ya ce, "Tasalla, duk wanda ya tsaya a sahun gaba ran nan ya ga rigar ta kama. Mun yi shiru ne don kada mu kunyata ku. Matar masaƙi ta hana a taɓa gwandarta tun ranar, tana jiran ku aiko." Ya sake cika ƙwaryar. "Kun daɗe."

Tasalla ta ji kamar ta zauna a ƙasa ta yi kuka, amma ta san in ta zauna tashi aiki ne. Ta wuce gidan masaƙa, ta faɗi sunan. Ta wuce kasuwa, ta faɗi sunan.

Jinyar ba abin al'ajabi a cikinta. Hansai ta danne shi, Tasalla ta cire gashin zomon ɗaya bayan ɗaya, Jatau ya suma ya farfaɗo ya sake suma. Kullum dafawa, tacewa, kirɓi, wankin tsumma. Akwai safiyar da ta buɗe ta ga kamar ba abin da ya canza, ta zagi itatuwan da Gwanki da kanta, ta sake ɗaurewa. Daga baya baƙin naman ya fara ɗagowa, ja ya leƙo daga ƙasa, zazzaɓi ya sauka. Ruɓar ba ta kai ƙashi ba, amma ta kusa. Hannu ya tsira. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi suka lanƙwashe, duk murzar man kaɗe da zagin da aka sha ba su miƙe ba.

Jatau ya koma maƙera bai yi wa Tasalla magana ba. In ta gaishe shi sai ya amsa wa bango. Ita kuwa ta dasa abin da ta yi alkawari a bayan rumfa, ta kewaye da ƙaya saboda awaki, tana ɗingisawa da tulu tana ba su ruwa.

Ana nan, wata safiya aka shigo da wata mai tuyar ƙosai, mai ya fallatso mata a hannu, tana ta yarfe shi. 'Yan rakiya suka ce a taimaka da tofi, har wani ya ciro gashin zomo daga aljihu. Jatau ya ajiye masaba. Ya dubi hannun matar, ya dubi nasa, wanda yake cikin hannun riga duk da zafin maƙera. Sai ya naɗe rigar har gwiwar hannu, a gaban kowa, ya waiwaya bayan rumfa.

Ya ce, "Yaya, kawo tulun nan. Ki yanko mana ganyen gajerar can kuma."

Ya riƙe hannun matar da yatsunsa uku, Tasalla na kwarara ruwa, har matar ta daina yarfewa. Da aka gama, Jatau ya sunkuya ya yi mata tofin ma, a hankali, kamar mai hura wa yaro koko. Tasalla ta gani, ta ƙyale shi. Ta ɗauki tulun da ya zama wayam, ta dubi nisan rijiya, ta dubi 'yar kaɗanyar da ganyenta biyu kacal, ta kama hanya.